Wanda Ya Saki Firijin

Firijin da ya jawo maganar ba wani babba ba ne. Na wata tsohuwa ne da ke zaune a saman bene, matakalar gidan kuwa ƙunci gare ta, ga kwana a tsakiya. Maifirij, tsohon mai gyaran firij, ya kama ta ƙasa, mijin autarsa, wanda kowa ke kira Ticha, ya kama ta sama. Ranar ma tsautsayi ne ya haɗa su. Ticha ya zo gaisuwa, ya tarar da tsohon yana neman wanda zai kama masa, kunya ta hana shi cewa sauri yake yi. Suna zuwa daidai kwanar sai atishawa ta kama Ticha. Hannunsa ya suɓuce, nauyin duka ya sauka a damtsen dama na Maifirij. Aka ji wani abu ya yi ɗas, kamar igiyar shanya ta tsinke.

Firijin bai faɗi ba. Tsohon ya tokare shi da ƙirji har suka sauke. Amma da ya naɗe hannun riga, sai ga tsokar damtsensa ta dunƙule ta gangaro wajen gwiwar hannu, ta yi tudu kamar an cusa lemo a ƙarƙashin fata.

Da ya koma gida, Innar yara ta duba hannun da kyau, ta tabbatar yana motsi, sannan ta ce, "Ikon Allah. Shekara da shekaru ina jiran ka yi ƙwanji, sai da furfura ta gama cinye kanka."

Kowa ya yi dariya ban da Ticha. Shi yana tsaye a bakin ƙofa, yana murza hularsa kamar zai matse ruwa daga cikinta.

"Ni na saki, Inna," ya ce. "Ni ne."

Kafin wannan rana, tsakanin Maifirij da surukinsa gaisuwa ce kawai. Ticha zai tsaya daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki, ya juya. Maifirij ya ɗauka girman kai ne irin na masu karatu. Ticha kuwa tsoron tsohon yake ji, don ya ga mutum ne da ba ya dariya sai ya ga dalili.

Washegari da yamma, ana tashi daga makaranta, sai ga Ticha a shago. Ya cire rigar aikinsa ya rataye a ƙusa, ya ɗauki wata tsohuwar riga mai tabon baƙin mai ya saka.

"Baba, ka zauna ka riƙa faɗa, ni in riƙa yi. Hannun da na lalata, ni zan zama madadinsa."

Haka aka fara. Shagon ɗaki ɗaya ne mai tsawo, firij a jere jikin bango kamar masu jiran layi, wasu ba ƙofa, wasu an kwance musu baya. Ticha ya koyi shafa kumfar sabulu a jikin bututu don a ga inda gas ke zurarewa. Ya koyi kara kunne a jikin inji ya ji ko bugunsa daidai ne. Ya ƙone yatsa, ya ɓatar da ƙananan kusoshi ba adadi, ya taɓa haɗa waya a baibai har fitilar shagon ta ɗauke. Maifirij yana kan kujerarsa ta roba yana ba da umarni, kuma bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba. 'Ya'yansa duk mata ne, duk sun yi aure, yamma a shagon kuwa ta daɗe ba ta da sauti sai gurnanin injina. Yanzu ga wanda zai jefa wa irin tambayoyin da ya saba juyawa shi kaɗai.

"Ticha, idan na gyara firijin mutumin da na san ruɓaɓɓen kifi yake sayarwa, ina da kaso a zunubin?"

"Ai idan ka gyara, Baba, kifin zai daina ruɓewa."

"To idan na ƙi gyarawa fa, ya ci gaba da sayarwa a ruɓe?"

Sai su yi ta ja har a kira magariba. Sau da yawa Maifirij yakan koma gida yana murmushi shi kaɗai, Innar yara ta ce, "Wannan hannun dai ya karɓe ka."

Zafin ya ragu da kansa, amma tudun bai koma ba, kuma in ya zo murɗa sukurudireba sai hannun ya gaji da wuri. Auta ce ta matsa sai an je asibiti. Aka fara da hoton ƙashi, aka ce ƙashi lafiya lau, amma irin wannan hoton ba ya nuna jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, sai a je sikanin.

Ticha ne ya kai shi a babur ɗinsa. Da suka shiga wurin jira, Maifirij ya ja ya tsaya. Benci biyu cike da mata masu juna biyu, kowace da gorar ruwa a hannu.

"Ticha, ka tabbata nan ne?"

"Nan aka nuna mana, Baba. Na'urar ɗaya ce."

Wata mai baki a cikinsu ta matsa ta ba shi wuri. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Sannu Baba. Wata nawa ne?"

Benci ya ɗauki dariya. Maifirij ya zauna a tsanake, ya naɗe hannun riga, ya nuna musu tudun.

"Ni a hannu na ɗauki nawa, 'yata. Ciki ya yi mini nisa."

"Na fari ne?"

"Na fari ne, kuma ba na fatan ƙani."

"Allah ya raba lafiya, Baba!"

Ticha ya rasa inda zai sa kansa, ya koma can jikin taga yana karanta wata sanarwa ta wanke hannu kamar za a yi masa jarrabawa a kanta. Da aka kira Maifirij, ma'aikaciyar ta ce mai ciwo kaɗai zai shiga.

Ɗakin da duhu-duhu, labule a sauke. Likitar mace ce mai matsakaicin shekaru, tabarau a rataye a wuyanta. Ta sa ya cire riga ya zauna a kan wata kujera marar jingina, ya ɗora hannu a cinya, tafin yana kallon sama. Ta matsa masa wani mai mai yauƙi a kafaɗa, sanyinsa ya sa ya zabura.

"Kai da ke aikin sanyi kake gudun sanyi?" ta ce.

Ta ɗora kan na'urar, wani abu kamar guntun sabulu mai igiya. Allon ya cika da toka-toka da fari-fari, irin na talabijin da eriyarsa ta karkace. Maifirij bai ga komai ba sai hazo.

"Duba nan," ta ce, ta nuna da yatsa. "Wannan farin layin ƙashinka ne. Ka ga inda ya lotsa kamar 'yar kwata? A cikin kwatar nan jijiyar damtse take kwanciya, ta hau ta kama can cikin kafaɗa. Taka babu kowa a ciki. Gidan ya zama kango."

Ta gangara da na'urar a hankali bisa damtsen har ta tsaya.

"Ga bakinta nan, ta tsinke ta nannaɗe. Shi ya sa tsokar ta zamo ƙasa."

Ta sa ya kai hannu baya kamar zai ciro abu daga aljihun wando, ta duba saman kafaɗar. Ta ɗan daɗe a nan, tana karkata na'urar, tana danna maɓalli hoton ya tsaya, ta sake saki. Sannan ta zagayo ta matsa man a kafaɗar hagu.

"Likita, wannan ba ta ciwo."

"Na sani. Shi ya sa nake son ganinta. Ba na yanke hukunci a kan hannu ɗaya sai na ji ta bakin ɗan'uwansa."

A hagun, kwatar ba kango ba ce. Akwai abu a ciki, amma ko Maifirij ya ga bai yi kama da abu mai lafiya ba. Ya kumbura, gefensa ya yi buzu-buzu, ga wani baƙi ya kewaye shi. Ta ce baƙin ruwa ne da ya taru saboda gogayya.

"Ka san igiyar guga da bakin rijiya ya daɗe yana ci? Haka wannan take. Ta hannun daman ma haka take kafin ta tsinke, har ta fi. Sauran jijiyoyin saman kafaɗar duk sun sha jiki. Wannan aikin shekaru ne, Baba, ba na rana ɗaya ba."

Maifirij ya ce, "Wani yaro ne ya saki firij a hannuna."

"Firijin ya zo a kan gaɓa ne kawai. Ba zan rantse maka da rana ba, amma da bai zo ba, da bokitin wanka zai yi aikin, ko ka miƙa hannu ɗauko wani abu a saman kabad."

Ta ba shi takarda ya goge man. Ta ce likitan ƙashi ne zai yanke, amma a irin wannan da wuya a yi wa mai shekarunsa aiki. Za a koya masa motsa hannun, ƙarfi zai dawo kusan duka, tudun dai ya zauna ke nan. Hagun kuma ya lallaɓa ta, ya bar ɗaukar kaya.

Yana fitowa Ticha ya taso da sauri.

"Me suka ce, Baba?"

"Ta tsinke."

Ticha ya dafe kai. "Shi ke nan? Ba abin da za a yi?"

"Sun ce ba sai an yi aiki ba. In bar ɗaukar nauyi."

"Ba za ka ƙara ɗauka ba, Baba. Ina nan."

Duk kalmar da Maifirij ya faɗa gaskiya ce. Da wannan ya yi ta lallashin kansa a kwanakin da suka biyo baya. Bai ce laifin yaron ne ba. Hasali ma ya sha ce masa tsautsayi ne. Kuma ai ya saki ɗin, atishawar ba ƙirƙira ba ce. Wa aka cuta? Yaron yana koyon sana'a, yana dariya, har ya fara ƙiba. Amma in ya kai nan sai wata tambayar ta taso masa: idan mutum yana ɗauke da kaya a ka, kai kuma ka san buhun ba nasa ba ne, ka yi shiru don kana jin daɗin rakiyarsa, me sunan wannan shirun? Wannan tambayar ita kaɗai ce bai jefa wa Ticha ba.

Wata safiya Innar yara tana ninke wanki a kan gado, shi yana ta fama da maɓallin riga, ta ce, "Auta ta zo jiya. An zaɓi mijinta ƙarin karatu, na yamma, bayan an tashi makaranta. Abin da ya daɗe yana nema."

"Madalla. Ai bai gaya mini ba."

"Ba zai gaya maka ba, don cewa ya yi ba zai je ba. Wai ya nakasa uban matarsa, ba zai bar shi da shago ya tafi neman takarda ba. Jibi zai je ya ce a ba wani."

Maifirij ya zauna a bakin gado. Ya dubi tudun hannunsa, ya dubi ƙasa. Daga nan ya kwashe duk abin da likita ta ce ya gaya mata, har da igiyar guga, har da bokitin wanka.

Ta ajiye zanen da ke hannunta.

"Au, da tsinkakkiyar igiya ka ɗaure ɗan mutane?"

"Ban yi masa ƙarya ba."

"Ban ce ka yi ba. Kai da ka iya raba gashi biyu, ai ba za a kama ka da ƙarya ba. Ni dai na san in Auta ta ji, kai da ita."

Da yamma Ticha yana durƙushe a bayan wani firij, Maifirij ya ce ya taso ya zauna. Ya yi gyaran murya, ya faɗa masa komai dalla-dalla. Ya ce jijiyar ta riga ta cinye tun da daɗewa, ta hagu ma tana hanya, ko da shi ko ba shi sai ta tsinke. Ya ce ya je karatunsa.

Ticha ya saurara har ƙarshe. Sai ya yi murmushi, idonsa ya kawo ruwa.

"Allah ya saka da alheri, Baba. Na san Inna ce ta gaya maka zancen karatun. Amma ba sai ka ƙirƙiro mini wannan ba."

"Ƙirƙira? Ni?"

"Ai ina wurin, Baba. Da kunnena na ji ɗas ɗin."

"Ka ji ɗas, ka ga abin da ya yi ɗas ɗin? Likita ce ta faɗa!"

"Da ta faɗa ai da ka gaya mini tun a asibiti."

Ranar da Maifirij ya ɓoye rabin magana an yarda da shi nan take, yau da ya kawo ta cikakkiya an mai da shi maƙaryacin kirki. Haushi ya kama shi, har ya buga hannun kujera da lafiyayyen hannun, sannan ya tuna shi ma ba lafiyayye ba ne.

"Gobe ka nemi izini a makaranta. Za mu koma."

Likitar ta yi dariya da ta ji abin da ya dawo da su, har ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce in dai mai hannun ya yarda, ba ta da ta cewa, su jira ta sallami na gabansu. Wannan karon Ticha ya shiga, ya tsaya a bayan kujera, hannuwansa a harɗe.

Ta fara da hagu. Ta nuna masa kwatar, ta nuna jijiyar da ta yi buzu-buzu da ruwan da ya kewaye ta.

"Wannan hannun ka taɓa sakar masa firij?"

"A'a."

"To ka ga yadda yake."

Ticha ya matso da fuskarsa kusa da allon. Halin malanta ya motsa. Ya tambaya yaya lafiyayya take, don ba a gane karkatacce sai an ga miƙaƙƙe. Likitar ta ce ya naɗe hannun rigarsa. Ta matsa masa man, ya zabura, Maifirij ya ce, "Ashe ba ni kaɗai ba ne rago." A allon, jijiyar Ticha ta fito fes, dunƙulalliya, fara, ta zauna daram a kwatarta. Da ta juya na'urar a tsaye sai ga zare-zarenta a jere kamar an taje su.

"Irin wannan," in ji likitar, "da wuya ƙaramin firij ya tsinka ta. Ta Baba kuwa saura ƙiris take jira. Kai dai ka yi atishawa a ranar da ba ta dace ba."

Suka fito suka bi doguwar barandar asibitin. Sai da suka kai inda aka ajiye babur Ticha ya tsaya, makulli a hannu.

"Tun ranar farko ta gaya maka, Baba?"

"Tun ranar."

"Ka san ban ƙara yin barcin kirki ba tun da abin ya faru?"

"Ban sani ba. Ko kuma ban so in sani ba."

"To me ya sa?"

Maifirij ya daɗe yana kallon tayar babur ɗin. Ya nemi wata amsa mai fasali irin wadda ya saba bayarwa, bai samu ba.

"Shagon shiru gare shi da yamma," ya ce.

Ticha ya tayar da babur, ya jira tsohon ya hau, ya kai shi har ƙofar gida, ya gaida Inna daga waje, ya wuce.

Ya fara karatunsa. Maifirij ya samu wani maƙwabci mai walda da ke kama masa in abu mai nauyi ya zo, sauran aikin kuma hannun yana yi a hankali. Yana zuwa wurin masu koya motsa hannu, suna sa shi jan wata roba mai launi, yana dawowa yana ba Innar yara labari wai an mai da shi ɗan wasa. Auta ta zo ta yi masa faɗan da ya san za ta yi, ya sunkuyar da kai ya sha, ta gama ta tambaye shi ko ya ci abinci. Ticha kuwa ya aiko da gaisuwa, amma bai zo ba.

Ran wata Asabar da hantsi Maifirij yana zaune a tsakar gida, ya juya nan ya juya can, ya ɗauki rediyo ya ajiye. Innar yara tana kallonsa ta wutsiyar ido.

"Yau ba shi da aji," ta ce.

"Wa?"

"Wanda kake ta kallon ƙofa dominsa. Wai ni kam, hannu ne ya tsinke ko ƙafa?"

"Ni in je gidan suruki? Haka kawai, ba ciwo ba suna?"

"Shi da ya yi ta zuwa naka fa? Ko an rubuta a wani wuri cewa sai da laifi ake ziyara?"

Ya yi ta gunaguni yana neman takalmi. Tun da aka kai Auta bai taɓa taka gidan ba, sai da ya tambayi wani mai shago a bakin layin kafin ya gane ƙofar. Auta ce ta buɗe, ta ja da baya.

"Baba! Lafiya?"

"Lafiya ce ta kawo ni. Mijinki yana ciki?"

Ticha ya fito daga ɗaki da littafi a hannu, biro a maƙale a kunne. Ya gaishe shi yadda ya kamata. Suka tsaya cirko-cirko a ɗan falon, tsakanin tebur mai tulin takardu da kujera doguwa.

"Baba," in ji Ticha, "gaskiya har yanzu da sauran haushi a raina."

"Ka ji abinka, hakkinka ne. Ni dai a zaune zan jira ya wuce."

Ticha ya dube shi, ya cije leɓe don kada dariya ta ƙwace masa. Ya sunkuya ya kwashe littattafan da ke kan doguwar kujerar.

"Zai ɗan ɗauki lokaci fa."

"Ba inda za ni," in ji Maifirij, ya cire takalmi ya zauna.